Mary Rose: jirgin da ya nutse a gaban Sarkin Ingila, aka tsamo shi bayan shekara 437

"Assalamu alaikum Malam. Na ga wani bidiyo a Facebook na wani tsohon jirgin yaƙin Ingila, wai shi Mary Rose. Mai bayanin ya ce jirgin ya nutse ne sarki na tsaye yana kallo, ba kuma wanda ya harbe shi, sannan bayan shekara fiye da ɗari huɗu aka tsamo shi daga teku. Abin ya ɗaure min kai. Ta yaya jirgin yaƙi sukutum zai nutse haka kawai? Kuma wane irin katako ne zai yi wannan daɗewa a ruwa bai ruɓe ba? Ko dai ƙarin gishiri ne?"
Daga wani mai karatu a Yawuri

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambaya biyu ka haɗa: me ya nutsar da jirgin, me kuma ya hana shi ruɓewa. Labarin gaskiya ne. Gyara biyu kawai zan yi wa mai bidiyon. Cewa ba wanda ya harbe shi magana ce da har yau ba a rufe ta ba, don Faransawa sun ce su suka nutsar da shi. Sannan ba jirgin ne duka aka tsamo ba, ɓari guda ne, wajen kashi 40 cikin 100 na gangar jikinsa. Ragowar ta ruɓe kamar yadda hankalinka ya ba ka.

Na daɗe ina koyar da tarihin Turai, kuma na taɓa tsayawa a gaban wannan ɓarin jirgi a birnin Portsmouth. Abin da na tsaya a kai shi ne, dabarar da ta mai da Mary Rose abin tsoro a teku ita ce ta zame masa ajali. Amma sai mun koma baya kaɗan kafin ka ga abin da nake nufi.

Jirgin da zamaninsa

Henry na 8 ya hau sarautar Ingila a 1509 yana saurayi ɗan shekara 17, ya tarar da jiragen sarki ba su fi a ƙirga da yatsu ba. A al'adar lokacin, in yaƙi ya taso sai sarki ya tara jiragen 'yan kasuwa, a zuba musu sojoji, in an gama kowa ya koma fatauci. Henry ya so jiragen da ba su da wani aiki sai yaƙi. A 1510 aka fara sassaƙa biyu a Portsmouth, Mary Rose da ɗan'uwansa Peter Pomegranate, aka saka Mary Rose a ruwa a 1511. Don ka san inda kake a tarihi, shekara 12 ke nan bayan ƙarshen mulkin Muhammadu Rumfa a Kano.

An daɗe ana cewa sunan ƙanwar sarki Mary aka sa masa. Masana da yawa yanzu sun fi karkata ga cewa Nana Maryamu ake nufi, tun da a zamanin sunayen waliyyai ake yawan sa wa jirage, sai aka haɗa da Rose, wato furen nan da ke tambarin gidan sarautar Tudor, gidan su Henry. An yi shi da itacen ok, wanda a wurinsu yake kamar maɗaci ko ƙirya a wurinmu, kuma an ƙiyasta ya ci manyan bishiyoyi wajen 600. Ƙashin bayansa na ƙasa ya kai mita 32. Ba inji, iska ce ke tura shi ta manyan zannuwa da aka ɗaura a dogayen turaku huɗu.

Mutane na yawan rikita shi da Vasa na ƙasar Suwidin, wanda ya nutse a fitarsa ta farko a 1628. Mary Rose ba haka ba ne. Shekara 34 ya yi yana aiki. A watan Agustan 1512 shi ne jirgin babban kwamanda Sir Edward Howard a karon da aka yi da Faransawa kusa da Brest, kuma Howard ya rubuta wa sarki yana yabon gudunsa da sauƙin juya shi. Jirgin da aka yi wa mummunar ƙira tun farko ba zai kai wannan shekaru ba. Ke nan sai mu tambaya: me ya canza?

Tagar da ta canza yaƙin teku

Kafin wannan zamani, yaƙin teku yaƙin ƙasa ne da ake yi a kan ruwa. Jirgi ya matso kusa da jirgi, maharba su yi ruwan kibau, a jefa ƙugiya a janyo na abokan gaba, sojoji su tsallaka da takubba da māsu. Shi ya sa ake gina wa jirgi dogayen benaye a gaba da baya, kamar ganuwa, don wanda ke sama shi ke da galaba. Igwa tana nan, amma ƙanana, a can sama. Ba halin ka ɗora babbar igwa a bene, nauyinta zai kifar da jirgin.

Sai aka zo da dabarar huda tagogi a jikin jirgi daga ƙasa, kowace da murfinta. A girke manyan igogi a hawan ƙasa inda nauyinsu ba zai yi illa ba, in za a yi harbi a buɗe, in an gama a rufe. Wannan ya yiwu ne saboda an sauya salon jera katako. A da ana ɗora gefen wannan a kan gefen wancan, kamar yadda ake jera kwanon rufi, kuma irin wannan jiki in ka huda shi ka raunana shi. Sabon salon shi ne a fara kafa haƙarƙarin jirgi, sannan a jera katako baki da baki ya yi sumul, ƙarfin yana ga haƙarƙarin, don haka taga ba ta cutar da shi. Mary Rose na cikin jiragen Ingila na farko da aka yi wa wannan ƙira.

Wajen 1536 aka yi masa babban garambawul. Henry ya riga ya ɓata da Fafaroma, ya fara ƙwace dukiyar gidajen ibadar Katolika, kuɗi ya samu, abokan gaba kuma sun ƙaru. Jirgin da ake lissafa shi a tan 500 ya koma tan 700. Aka ƙara masa manyan igogi, wasu na tagulla da ake ɗurawa ta baki, wasu na baƙin ƙarfe da ake ɗurawa ta gindi, masu harba dunƙulen dutse. Kundin jiragen sarki da wani ma'aikaci mai suna Anthony Anthony ya miƙa a 1546, wanda a cikinsa ne kaɗai ake da zanen jirgin na zamaninsa, ya lissafa masa matuƙa 200, sojoji 185, 'yan igwa 30. Duk nauyin da aka ƙara yana danna jirgin cikin ruwa, tagogin nan kuwa suna ƙara kusantar ruwan.

Kai da ke Yawuri ba sai na ja maka wannan ba. Ka san kwale-kwalen da aka cika ranar kasuwa, yadda bakinsa ke saura kamu ɗaya da ruwa. Yana iya yin sawu ɗari lafiya. Ranar da igiyar ruwa ta zo daidai lokacin da fasinjoji suka karkata gefe guda, ranar ce.

Ranar 19 ga Yuli, 1545

A 1544 Henry ya ci garin Boulogne na Faransa. Sarki Francis na 1 ya ɗaura aniyar ramuwa, ya turo jirage sama da 200 ƙarƙashin Claude d'Annebault. Sun fi rundunar Sifen ta 1588 yawa, wadda aka fi jin labarinta. Suka shigo mashigin Solent, tsakanin Portsmouth da tsibirin Wight. Ingila na da jirage wajen 80 ƙarƙashin John Dudley, wanda ke cikin Henry Grace à Dieu, babban jirgin sarki. Mary Rose kuwa an damƙa shi ga Sir George Carew, wanda bai daɗe da samun muƙamin mataimakin kwamanda ba.

Da safe iska ta ɗauke ɗif. Faransawa na da wasu dogayen jirage kimanin 25 da mutane ke tuƙawa da hannu, masu igwa a goshi, ba ruwansu da iska. Suka matso suna harbin jiragen Ingila da suka tsaya cik. Can da rana iska ta motsa, jiragen Ingila suka yunƙura, Mary Rose na cikin na gaba. Sarki yana kan tudu a wajen ganuwar Southsea tare da sojojinsa, yana gani.

Bayanin da na fi amincewa da shi na jakadan Sarki Charles na 5, mai mulkin Sifen da Jamus, ne a Ingila, François van der Delft, wanda ya rubuta wasiƙa kwanaki kaɗan bayan abin, kuma ya ji ne daga bakin wani da ya tsira. Jirgin ya harba igogin gefe guda, yana juyawa don ya kawo ɗaya gefen, sai iska ta bugi zannuwansa ta kwantar da shi, tagogin ƙasa kuwa a buɗe. Ruwa ya kwararo. Da ya karkata, igogi da harsasai da duwatsun da ake zubawa a gindin jirgi don ya tsaya daidai suka gangaro gefe ɗaya suka ƙara danne shi. Cikin 'yan mintoci ba a ganin komai sai kan turaku biyu.

Abin da ya fi taɓa ni a labarin shi ne raga. An shimfiɗa wata ƙaƙƙarfar raga a saman filin jirgin don kada abokan gaba su tsallako ciki. Wadda aka sa don kare su, ita ta rufe su kamar kifi a koma. Daga cikin mutum 400 zuwa 500, waɗanda suka tsira ba su kai 35 ba, galibi waɗanda ke can saman turaku. Carew na cikin mamatan. Duk wannan a ruwan da zurfinsa bai fi mita 12 ba, ana hango gari.

To wa ke da laifi?

Wani marubucin Faransa na zamanin, Martin du Bellay, ya ce harbinsu ne ya nutsar da shi. Ingilawa sun daɗe suna yi wa wannan magana dariya, amma ba ta cancanci dariya ba. In harsashi ya huda jirgin daga ƙasa tun da safe, ruwa na taruwa a cikinsa a hankali, zai yi nauyi ya kuma yi saurin karkata. Ɓarin da aka tsamo ba shi da ramin harsashi. Sai dai ɓarin hagu ya ruɓe, goshin ma ba a same shi cikakke ba, wato shaidar da za ta raba gardama ta tafi. Ba mai iya rantsuwa a kan wannan, ni ma ban isa ba.

Akwai kuma batun rashin ɗa'a. Tarihin rayuwar Sir Peter Carew, ɗan'uwan mamacin, ya kawo cewa da kawunsu Gawen ya wuce a wani jirgi ya tambayi lafiya, George ya amsa masa da cewa yana tare da 'yan iskan da ya kasa juya su. Ina karanta wannan da taka-tsantsan. An rubuta shi ne shekaru kusan 30 bayan abin, kuma wanda ya rubuta na jikin gidan Carew ne. Wa ya fi sauƙin ɗora wa laifi irin talakan da ya mutu ba mai yi masa magana? Wannan littafin ne kuma ya ce mutum 700 ke ciki, adadin da masana da dama ke ganin an kumbura shi.

A aji nakan kawo robar wanka cike da ruwa da gwangwanin madara babba wanda na huda wa ramuka a gefe. In sa tsakuwa kaɗan a ciki, ya yi ta yawo lafiya, ko na hura masa iska sai ya yi tangaɗi ya miƙe. In ƙara tsakuwa, in ɗora wasu a murfi daga sama. Har yanzu yana shawagi, ɗalibai su ce ai ba komai. Sai in taɓa shi da ɗan yatsa. Da ramin farko ya sumbaci ruwa, kafin wani ya buɗe baki ya kai ƙasa. Kullum sai aji ya yi tsit. Ni mai karatun takardu ne, ba injiniyan jirgi ba, kuma gwangwani ba jirgi ba ne, amma abin da nake so su gani shi ne ba a buƙatar babban dalili guda. Nauyin da aka ƙara tun 1536, sojoji da makamai a benaye, kwamanda sabo, juyi cikin gaggawa, iska ta zo ba sallama, ba wanda ya ba da umarnin rufe tagogi ko an bayar ba a ji ba. Kowannensu shi kaɗai jirgin zai iya shanyewa. Masu tono sun tarar da tagogin ɓarin dama a buɗe, kuma ko Faransawa sun same shi ko ba su same shi ba, ta nan ruwan da ya kashe shi ya shiga.

Yaƙin kansa bai zama komai ba. Faransawa suka sauka a tsibirin Wight, aka yi 'yan gwabzawa, suka juya gida.

Wani ɗan Afirka ta Yamma a ƙarƙashin ruwan

Nan da nan sarki ya sa a ɗago jirgin. Aka ɗauko ƙwararru 'yan Italiya, aka ɗaura igiyoyi daga wasu manyan jirage biyu, aka ja, turaku suka karye, aka haƙura. Sai aka koma tsamo igogi, don igwar tagulla dukiya ce. Wani ɗan Italiya mai suna Piero Corsi ya karɓi aikin, kuma babban mai nutsonsa wani saurayi ne ɗan Afirka ta Yamma da takardu suka kira Jacques Francis, wanda ya ce shi daga wani tsibiri yake a yankin Gini. A wancan lokaci Turawa kaɗan ne suka iya iyo, balle nutso mai zurfi da numfashi ɗaya.

Mun san shi ne saboda shari'a. An zargi maigidansa da satar kaya daga wani jirgin daban da ya nutse, sai Francis ya ba da shaida a kotun harkokin teku a 1548. Masu ƙara suka ce bawa ne kuma ba Kirista ba, kada a saurare shi. Kotu ta karɓi shaidarsa ta rubuta. Yana cikin 'yan Afirka na farko da aka san sun yi magana a gaban kotun Ingila.

Me ya hana shi ruɓewa

Ba katakon ba ne, laka ce. Jirgin ya kwanta a ɓarinsa na dama, ya nitse cikin taɓo mai laushi. Igiyar ruwa ta riƙa tara masa laka a ciki har ta cika rabinsa. Ɓarin hagu da ya rage a fili, tsutsar teku mai cin katako, wadda aikinta ɗaya da gara, ta haɗu da ruwa suka cinye shi. Daga baya wani kauri na yumɓu da ɓawon kifi ya rufe wurin. Ƙarƙashin wannan ba iska, kuma abin da ke ruɓar da itace da fata sai da iska yake rayuwa.

A 1836 ragar masunta ta maƙale a wurin, wani mai nutso John Deane ya sauka ya tsamo igogi, daga baya aka sake mancewa. A 1965 wani marubuci mai sha'awar nutso, Alexander McKee, ya fara nema da 'yan sa-kai. Sai 1971 aka ga katakon farko ya leƙo daga laka. Masaniyar tono kayan tarihi Margaret Rule ta jagoranci aikin, aka yi nutso kusan sau 28,000, Yarima Charles wanda yanzu shi ne sarki ma ya sauka da kansa. Ranar 11 ga Oktoba, 1982, aka ɗago ɓarin jirgin a cikin wani shimfiɗin ƙarfe, mutane wajen miliyan 60 na kallo a talabijin.

Fitowar ita ce farkon wahala. Katakon da ya sha ruwa shekara 437, in ka bar shi ya bushe, zai motse ya tsattsage. Shekara 12 ana fesa masa ruwan sanyi. Daga 1994 zuwa 2013 aka riƙa fesa masa wani sinadari mai kama da kakin zuma wanda ke shiga ya maye gurbin ruwan, sannan aka busar da shi a hankali har 2016.

Abin da lakar ta ajiye

In ka tambaye ni, gangar jirgin ba ita ce babbar riba ba. Kaya sama da 19,000 aka samu, kuma yawancinsu na talakawan da tarihi bai saba rubuta sunansu ba. Bakuna 137 da kibau fiye da 3,500. Kafin nan kusan ba a da bakan yaƙin Ingila ko ɗaya na wancan zamani, sai labari. A gidan adana kayan na gwada jan wani da aka kwaikwaya, ban kai shi rabi ba kafaɗata ta ce a'a. Ƙasusuwan wasu daga cikin mutanen sun nuna yadda jan baka tun yarinta ya sauya musu kafaɗa.

Akwai ɗakin wanzami, don a wurinsu ma mai aski shi ne mai fiɗa, da akwatinsa na asake, tulunan man shafawa da sirinji na ƙarfe. Akwai murhu biyu na bulo a can ƙasa da manyan tukwane, gangunan naman shanu da na alade, ƙashin kifi, har da ƙwayoyin masoro. Akwai kamfas, allon wani wasa mai kama da dara, goge, da wani abin busa ɗan'uwan algaita. An samu carbi da yawa, a ƙasar da sarkinta ya riga ya raba gari da Fafaroma. Na daɗe a gaban wasu ƙananan matajai na katako, waɗanda har yanzu akwai ƙwarƙwata a tsakanin haƙoransu. A bakin ƙofar ɗakin kafinta kuma aka tarar da ƙasusuwan wani ɗan kare, mai yiwuwa shi ke kama ɓeraye.

An tsamo ƙasusuwan mutum 179, kimanin 92 kusan cikakku, yawancinsu samari 'yan ƙasa da shekara 30. Binciken haƙoran mutum takwas da aka wallafa a 2021 ya nuna uku daga ciki ba a Ingila suka tashi ba, sun fito ne daga wurare masu ɗumi, kudancin Turai ko arewacin Afirka. Wani matashi kuma a Ingila ya girma amma asalinsa na Afirka ne. Mutum takwas ba su isa a yanke hukunci a kan ɗari huɗu ba, kada ka bari wani bidiyo ya ja maka maganar fiye da haka.

Jirgin yana nan a Portsmouth, a wani gini da aka buɗe a 2013, taku kaɗan daga inda aka sassaƙa shi. An jera kayan a ɗaya gefen, hawa-hawa, kowanne daura da inda aka same shi a jikin jirgin. A 2005 masu nutso sun koma sun ɗago anka da babban katakon goshi. Wasu sassan benen gaba har yanzu suna can cikin laka, an sake binne su da gangan, don nan ne suka fi zama lafiya.